Babi na Biyar: Bin Gulbin Zamfara Daga Anka Zuwa Gummi

Wani dare bayan sallar lisha ina kishingiɗe a kan tabarma a ƙofar gida, sai ɗan ƙanwata ya zo ya durƙusa a gefena, ya miƙo mini wayarsa.

"Kawu, don Allah dubi ikon Allah."

Na gyara zaman tabarau na duba. Wani gari ne a tsakiyar kwari, gidajensa dogaye, sun jeru kafaɗa da kafaɗa kamar sahun masallata, kuma dukkansu da ƙasa aka gina su. Ya shafa fuskar wayar da yatsa, sai ga wani tsibiri mai farin yashi da ruwa garau, ga wasu itatuwa sun buɗe kamar laimar sarki. Ya ce mini ƙasar Yaman ce. Ya ce in Allah ya hore masa, bayan Makka da Madina babu inda yake son zuwa kamar can.

Na yi masa addu'ar Allah ya cika masa burinsa, sannan na tambaye shi ko ya taɓa zuwa Anka. Ya ce a'a. Gummi fa? Ya ce yana dai jin sunan. Da na ambaci Bukkuyum sai ya yi jim, can ya ce, "Ba can ne ake kashe mutane ba, Kawu?" Yaron nan a Gusau aka yanke masa cibiya, kakarsa ta wajen uba kuwa daga yammacin Zamfara aka auro ta.

Laifin ba nasa ba ne. Ya buɗe ido ne a zamanin da hanya ta zama abin tsoro, iyaye suka daina tura 'ya'yansu hutu ƙauye. Amma maganarsa ta kwana tana ci na, kuma ita ce ta haifi wannan babi. Na gane cewa ƙasar da 'ya'yanta ba su taka ta sun gan ta da idonsu ba, baƙi ne ke raɗa mata suna, kuma ba kasafai suke zaɓar mata mai daɗi ba.

Abin da Yaman ta riƙe

Garin da yaron ya nuna mini sunansa Shibam, yana cikin kwarin Hadramaut. Gidajensa sun kai kimanin 500, na tubalin ƙasa, daga mai hawa biyar har zuwa mai hawa goma sha ɗaya, kuma da yawansu tun ƙarni na 16 suke tsaye. A 1982 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya. A 1986 tsohon birnin San'a ya bi bayansa, birnin da ke kan tudu mai tsawon fiye da mita 2,200, da masallatai sama da 100 a cikin ganuwarsa. Zabid ya shiga a 1993. Tsibirin Sukutra, mai farin yashin nan, ya shiga a 2008, domin daga cikin ire-iren tsirrai 825 da aka ƙirga a kansa, fiye da kashi ɗaya cikin uku ba a samun su a ko'ina a bayan ƙasa sai can. Itacen nan mai kama da laima, Larabawa na kiransa jinin 'yan'uwa biyu saboda jan ƙaron da yake zubarwa in an sare shi. A 2023 aka ƙara da kufan mutanen Saba'u da ke Ma'arib, inda ragowar madatsar ruwan nan take, wadda Alƙur'ani mai girma ya ba da labarin ɓallewarta.

Yaman ba baƙuwarmu ba ce. Sarakunan Sefawa na Borno suna danganta kansu da wani gwarzonta, Saifu ɗan Zi Yazan. Birnin Zabid kuwa shi ya ba Murtala al-Zabidi sunan da aka san shi da shi, malamin da ya wallafa babban ƙamus na Larabci, Tajul Arus. Wannan malami ne ya ba Malam Jibrilu ɗan Umaru ijaza a Alƙahira, Malam Jibrilu kuma shi ne malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ashe akwai igiyar ilimi da ta taso daga Zabid ta ratsa Masar ta sauka a Gobir da Zamfara.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: Yaman na cikin yaƙi tun 2014. An yi yunwa, an yi annobar kwalara, bama-bamai sun rushe gidaje a cikin tsohon San'a. Duk da haka, ga yaro a Gusau yana kallon ta yana sha'awa. Yaƙi bai cinye mata suna ba, domin tun kafin yaƙin mutanenta sun riƙe abin da suka gada. Suna sabunta yaɓen gidajensu, magina na koya wa 'ya'yansu sana'ar, an auna, an zana, an rubuta, an ɗauki hoto. Ƙasar da aka gina Shibam da ita ba ta fi tamu ba. Ga Agadas nan kusa da mu a Nijar, ita ma da ƙasa aka gina hasumiyarta mai tsawon mita 27, kuma tun 2013 ta shiga wancan jeri. Bambancin yana wurin riƙo.

To, bari mu ɗauki hanya. Daga Gusau za mu bi titin Sakkwato, mu wuce Bunguɗu da Maru, in mun kai mararrabar Mayanchi mu karya yamma.

Anka, inda sarauta ta sauke kaya

Mai shiga Anka bai san tarihi ba, abin da zai gani shi ne gari mai kasuwa da tasha da makarantu, kamar kowane babban gari. Wanda ya sani kuwa, ya san ya iso masaukin ƙarshe na ɗaya daga cikin tsofaffin sarautun ƙasar Hausa.

Ruwayar Zamfarawa ta ce mafarinsu Dutsi, a ƙasar Zurmi ta yau, kuma sarkinsu na fari sunansa Dakka. A jerin sarakunan farko har da mace, sarauniya 'Yargoje, wadda ake danganta zamanta da yankin Kuyambana. Daga baya aka gina Birnin Zamfara a arewa, kusa da Isa ta yanzu, daular ta yi ƙarfi har ta kara da Kabi da Katsina da Kano. Duk da wannan, labarin Bayajida ya jefa Zamfara cikin jerin da aka kira banza bakwai. Wannan shi ne suna na farko da wasu suka raɗa mata, ita kuwa tana da birni da ganuwa da malamai da fatake.

Faɗuwarta darasi ne. Gobirawa sun gangaro daga arewa suna neman wurin zama, Sarkin Zamfara ya sauke su a gonar alƙalinsa, wurin da ya zama Alƙalawa. Baƙo ya yi ƙarfi ya fi mai gida. A farkon shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, Sarkin Zamfara Maroƙi ya fice ya nufi Kiyawa. Daga nan sarautar ta shiga yawo, yau nan gobe can, shekara da shekaru.

A cikin wannan hali Shehu Usmanu ya shigo Zamfara da wa'azi, ya yi kimanin shekara biyar yana karantarwa a tsakanin mutanenta. Masana tarihi sun kawo cewa a taron idin Magami, wajen 1788, cikin abubuwan da Shehu ya roƙi Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo har da sakin fursunoni, kuma Abarshi ɗan sarautar Zamfara na cikin waɗanda suka sami 'yanci. Bayan an sha wuya a yaƙin Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, ƙasar Zamfara jama'ar Shehu ta dosa, ta sauka a Sabon Gari. Daga can Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kabi a 1805, kafin a koma Gwandu. Zaman bai ƙare lafiya ƙalau ba, don yunwa ta sa mayaƙa sun taɓa rumbunan talakawa, zumunci ya yi tsami, an kuma gwabza. Sai a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuriyar Abarshi ta zauna a Anka, kuma a nan sarautar Sarkin Zamfara take har yau. Da aka ƙirƙiro jihar Zamfara daga tsohuwar jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, aka mayar wa ƙasar da tsohon sunanta, Sarkin Zamfaran Anka kuma shi ke shugabantar majalisar sarakunan jihar.

Mai yawon buɗe ido a Zamfara ya kamata ya kasa kunne ga sunayen sarautu, domin su ne taswirar da ba ta yagewa. Sarkin Kiyawa yana Ƙauran Namoda, Sarkin Katsina yana Gusau, Sarkin Ɓurmi yana Bakura, 'Yandoto yana Tsafe, Sarkin Danko yana Bukkuyum, Sarkin Mafara yana Gummi. Kowace sarauta tana goye da sunan wani tsohon gari ko wata jama'a, tana gaya maka cewa mutanen nan sun taso ne daga wani wuri, da yaƙi ko da fari ko da neman ƙasar noma, suka ɗauko sunansu a ka kamar yadda mace ke ɗauko ƙwaryarta.

Shekarun baya, lokacin da mutum ke tashi da asuba ya kama hanya ba fargaba, na kwana biyu a Anka. Wani dattijo da aka haɗa ni da shi ya ja ni bayan gari da la'asar. Yana tafe yana dogara sanda, har muka hau wani ɗan tudu mai tsawo da ya miƙe tsakanin gonaki, geza da sabara sun rufe shi. Ya tsaya ya caka sandarsa a ƙasa.

"Malam, ka san abin da kake bisa?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Ganuwa ta. Nan munka ishe ta muna ɗiya, muna hawa muna wasa. Ruwa ya ci rabi, mu munka ci rabi. Kowa za shi ginin ɗaki, nan yaka ɗibat ƙasa."

Ya sunkuya da ƙyar ya tsinto wani ɗan guntun kasko, ya goge shi da babban yatsa, sai ga zanen da maginiyar tukunya ta yi masa tun yana ɗanye. Ya damƙa mini a hannu ya ce in tafi da shi, tunda ni mai rubutu ne. Har yau yana cikin akwatin takarduna. Dattijon ya riga mu gidan gaskiya, kuma abin da ke kansa na sunayen ƙofofi da unguwanni da waɗanda suka zauna a cikinsu, ɗan kaɗan na rubuta.

Wani Bajamushe ya fi mu himma a wannan fage. Kurt Krieger ya zauna a Anka a farkon shekarun 1950, ya saurari dattawa, ya duba sana'o'in garin, ya tattara kayan hannu ya kai gidan tarihi na Balin, a 1959 kuma ya fitar da littafin tarihin Zamfara cikin Jamusanci. Daga cikinmu, Dokta Garba Nadama, wanda daga baya ya yi gwamnan jihar Sakkwato, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977 a kan tashi da faɗuwar daular Zamfara. Aikin yana nan. Abin da ya rage shi ne ya sauko daga kantar jami'a ya shiga hannun ɗan sakandaren Anka cikin harshen da yake mafarki da shi.

Gulbi da tsibiransa

Daga Anka zuwa yamma, gulbin Zamfara ne jagora. Shi ya ɗinke garuruwan nan uku kamar zare a wuyan riga: ya bi ta ƙasar Anka, ya ratsa ta Bukkuyum, ya gifta Gummi, ya shiga jihar Kabi ta wajen Jega, ya haɗe da gulbin da ya gangaro daga Sakkwato, su tafi tare su faɗa Kwara.

Ba mu da teku, amma wanda bai ga gulbin nan da rani ba bai san kyan yashi ba. In ruwa ya ja baya sai cikinsa ya buɗe, fari fat, faɗinsa ya fi filin idi, ruwan ya rabu ƙorama-ƙorama yana zagaya tudun yashi, kowane tudu ya zama ɗan tsibiri. Da hantsi za ka ga mata sun shanya wanki kala-kala a kan yashin. Yarinya za ta durƙusa ta tona rami kamu ɗaya ko biyu, ta jira ruwa ya tsattsafo, ta kwashe na farko ta zubar, sannan ta riƙa ɗiba da ƴar ƙwarya tana zubawa a tulu, ruwa mai sanyi wanda yashi ya tace. Can gaba Bafulatani ya koro shanu mashaya, balbelu na biye da su. Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya a bakin gurbi yana jiran rabonsa. A gefe guda kuma fadama ce kore shar: albasa, tattasai, tumatir, rake, dankali. Inda kakanni suka yi ban-ruwa da jigo, yanzu ƙaramin inji ne ke tuƙa ruwa cikin tiyo.

In ka ɗaga kai daga gulbi, itatuwa za su karanta maka ƙasar. Giginya na nuna inda ruwa yake kusa. Kuka in ta taru wuri ɗaya a daji, sau da yawa kufai ne, mutane sun taɓa zama a nan. Gawo kuwa, wanda ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani, manomi ba ya sare shi, don ya san gero na ƙaunar gindinsa. Ga ɗorawa, ga kaɗanya, ga tsamiya, ga kanya, kowace da abin da take ba tukunya ko mai magani. Yaron da ya yi mamakin itacen Sukutra, da an zaunar da shi an gaya masa halin gawo, da ya san cewa abin al'ajabi na nan a gonar kakansa.

Ƙasar Bukkuyum ita ce tsakiyar wannan tafiya. Garuruwanta irin su Nasarawar Burkullu da Gwashi da Zugu da Adabka da Masama ƙasar noma ce da kiwo, inda dawa da gero da wake ke cika rumbu in shekara ta yi kyau. Ta kudu tana kallon ƙasar Zuru, saboda haka kasuwanninta mahaɗa ce: Bazamfare da Bafulatani da Badakkare da Bakabe, kowa da abin da ya kawo, kowa da irin Hausarsa. A Ɗaki Takwas hanya ke rabuwa, ɗaya ta yi Zuru, ɗaya ta miƙe Gummi.

Da damina kuwa gulbin wani abu ne daban. Shamuwa na sauka, hadari na haɗuwa, kafin wata biyu yashin nan duk ya nutse, ruwa ya yi ja, ya cika daga gaɓa zuwa gaɓa yana tafe da itace. A lokacin Sarkin Ruwa da masu kwalekwale ke da magana. Na taɓa haye shi a irin wannan lokaci, muna zaune a tsuke, ga buhuna, ga babur an kwantar a tsakiya, bakin jirgin saura ɗan yatsa huɗu ya sha ruwa. Matuƙin, wani saurayi mai faɗin ƙirji, ya lura na ƙanƙame katako.

"Alhaji, saki jikinka. Kak ka dubi ruwa, dubi waccan giginya."

Na dubi giginyar har muka kai. Da na sauka na tambaye shi tun yaushe yake wannan aiki, ya ce shi bai san ranar da ya fara ba, a ciki ya tashi ya ga ubansa. Irin wannan ilimi na sanin inda ruwa ke juyawa da inda yashi ya taru ba a makaranta ake samun sa ba. Amma gwaninta ba ta hana ƙaddara in kaya sun fi ƙarfin jirgi. A damanar 2024 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi, a watan Satumba na shekarar kuma wani kwalekwale ɗauke da manoma masu zuwa gonakinsu ya kife kusa da garin, gommai suka rasu. Allah ya jiƙansu. Mai son gulbin nan da gaske dole ya so wa mutanensa gada da jirage masu inganci da rigunan ruwa.

Gummi, garin duma da malamai

Gummi gari ne na fadama, shinkafa da kifi ba su yanke masa. An kuma san ƙasarta da noman duma. Ka je inda masu fafa suke zaune a inuwa ka ga aiki: a zaɓi duman da ya ƙosa ya bushe, a raba shi biyu daidai, a kwashe cikin, a kankare, sai ga ƙwarya. Ƙanana su zama ludayi da mara, dogaye su zama gora da shantu, manya su zama masakin da amarya ke alfahari da shi ko gorar da masunci ke kifa ciki a kai ya shiga ruwa. Roba ta cika kasuwa, amma har yau Bafulatana ba ta yarda ta zuba nononta a wani abu ba ƙwarya ba. Baƙon da ya zo daga nesa, irin wannan yake so ya gani, ya kuma saya ya kai gida.

Sunan Gummi ya kai inda ƙwaryarta ba ta kai ba, albarkacin ɗanta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi. A nan aka haife shi, a gidan alƙali, a gaban mahaifinsa ya fara karatu. Ya yi makarantar Midil ta Sakkwato da makarantar shari'a ta Kano, ya ƙaro ilimi a Bakhtur Ruda ta ƙasar Sudan, ya yi aikin kula da alhazan Nijeriya a Jidda, a 1962 ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa. Ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, tafsirinsa na masallacin Sarkin Musulmi Bello da ke Kaduna ya shiga gidaje ta rediyo, a 1987 aka ba shi lambar yabo ta Sarki Faisal a Saudiyya, ya rasu a 1992. Mutane sun saɓa a kan wasu ra'ayoyinsa, amma ba wanda ke musun cewa yaron da ya taso a bakin gulbin Zamfara ya zauna da sarakunan Larabawa suna girmama shi. Sarautar garin ma ta koma hannun masanin shari'a, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, wanda ya bar kujerar Babban Jojin Abuja a 2013 ya zama Sarkin Mafaran Gummi. Zabid na tinƙaho da malamanta. Gummi ma tana da nata.

Zinare, dalma da bindiga

Ba zan kai mai karatu yawo in ɓoye masa kabari ba. A ƙarƙashin ƙasar Anka da Bukkuyum akwai zinare, kuma da farashinsa ya tashi a duniya, matasa suka bar fartanya suka shiga rami. Dutsen da suke haƙowa yana haɗe da dalma. Suna kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, ƙura ta bi tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta da Abare da Tungar Daji da Sunke. Kimanin yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Maganin ya haɗa da kankare ƙasar tsakar gida gaba ɗaya a zuba sabuwa, sannan a ba yaran ƙwayoyin da ke fitar da gubar daga jini. Bagega, wadda ta fi kowane ƙauye girma a cikinsu, sai a 2013 aka share ta, bayan matasa sun matsa wa gwamnati lamba.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga 'yan bindiga. Satar shanu ta zama satar mutane, ƙauyuka suka watse, gonaki suka koma daji. A 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a jihar. A farkon Janairun 2022 aka afka wa ƙauyuka da dama a ƙasar Anka da Bukkuyum, aka yi kisan da ya girgiza ƙasa baki ɗaya. Dubban 'yan gudun hijira sun kwarara cikin garin Anka, wasunsu suka fake a filin ginin sabuwar fadar sarki da ba a kammala ba. Garin da ya sauki sarautar da ta rasa gida shekara 200 da suka wuce, shi ne kuma ya sauki talakawan da suka rasa nasu.

Wannan shi ne suna na biyu da aka raɗa wa ƙasar nan: ƙasar guba da bindiga. Abin ya faru, ba a musun sa. Amma shekara goma sha biyar na wahala ba su isa su shafe ɗaruruwan shekaru na sarauta da karatu da noma ba, sai in mu muka bari.

Abin da ya rage gare mu

Ba na kiran kowa ya jefa kansa cikin haɗari. Hanyar da ba ta da lafiya a bar ta sai ta yi lafiya, kuma tsaron rai shi ne hakki na farko da ke kan masu mulki. Amma akwai yawon buɗe idon da ba ya bukatar mota. Wanda ke zaune a Gummi, gulbi na bayan gidansa. Wanda ke Anka, fada da tsofaffin unguwanni na gabansa. Malamin makaranta zai iya ɗaukar ɗalibansa da ƙafa ya kai su gindin tsohuwar kuka ya ce su tambayi mai unguwa wa ya zauna a nan. Wayar da ɗan ƙanwata ke kallon Shibam da ita, ita ce kuma za ta iya naɗar muryar kakarsa tana lissafa garuruwan da iyayenta suka zauna. A sansanin 'yan gudun hijira akwai tsofaffin da ƙauyukansu ba sa nan yanzu sai a cikin kawunansu. In suka tafi ba a rubuta ba, ƙauyen ya mutu sau biyu.

Masarautun Anka da Bukkuyum da Gummi su tattara takardu da tambura da kayan yaƙin da ke ɗakunan ajiya, a ware musu ɗaki ko da guda ne, a sa mai kula. Ragowar ganuwa da kufai a shata su, a hana ɗibar ƙasa. Magina da masu fafa da masunta a ɗauke su a matsayin malamai, a tura musu yara. Jami'o'inmu su juya abin da aka rubuta kan Zamfara zuwa Hausa. Nijeriya duk girmanta wurare biyu kacal take da su a jerin UNESCO, Sukur a Adamawa da kurmin Osun a Osogbo. Bikin kamun kifi na Argungu, maƙwabcinmu, ya sami shiga jerin al'adun duniya a 2016 domin Kabawa sun riƙe shi. Babu wanda zai zo daga waje ya daraja abin da mai shi ya yar.

Na yi wa ɗan ƙanwata alkawari, in Allah ya kawo zaman lafiya muna raye, zan kai shi Gummi da rani, mu tsaya a kan yashi ya sha ruwan da aka tona da hannu. Kafin ranar, na ba shi guntun kaskon nan ya riƙe na ɗan lokaci, na ce ya je ya gaida kakarsa ya kunna wayarsa. Kai ma mai karatu, in kana da tsoho a gida, kada ka jira gobe. Gani ya kori ji, amma in gani ya gagara, a yi maza a ji tun masu faɗa suna nan. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.